Kuɗin Haƙa Kududdufi: Wa Ya Kamata A Yi Wa Dariya?

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannuna, kuma faɗa na zo yi. Wanda ya leƙo neman labarin soyayya ya yi haƙuri sai wani makon.

Akwai wani labari da kan zagayo lokaci zuwa lokaci, cewa a Ingila ana kashe kuɗi a haƙa wa manomi kududdufi a gonarsa kyauta, kuma ba a yarda ya yi noman rani da ruwan ba, ba a yarda ya zuba kifi ba. Kwaɗi da ƙwari da wani ɗan ƙadangaren ruwa aka haƙa wa. Duk sanda irin wannan labari ya iso mana, amsarmu ba ta sauyawa. Wannan ya ce Turawa sun ƙoshi sun rasa abin yi da kuɗi. Wancan ya ce su zo unguwarmu su kwashi kwaɗi ko sisi ba za mu karɓa ba. Wani ya ƙara da cewa mutanen da ke kai iyayensu gidan tsofaffi su ne ke gina wa kwaɗo gida. In na ji haka a teburin mai shayi ba na damuwa, hira ce ake yi a wuce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ji shi daga bakin wanda ke kiran kansa marubuci, wanda sana'arsa ita ce ya tsaya ya tambaya: wa ke biya, me ya sa, me ya faru kafin nan? Ni na tambaya, kuma abin da na samu ya nuna mini cewa idan akwai wanda ya cancanci dariya a wannan zance, to mu ne.

Labarin dai gaskiya ne. Dabbar da ake wannan hidima dominta Turawa na ce mata niyut. Babu ita a ƙasar Hausa, shi ya sa ba mu raɗa mata suna ba. Siffar ƙadangare gare ta, amma dangin kwaɗo ce. A ruwa take ƙwai, 'ya'yanta su fara rayuwa a ruwa kamar talibambam, in sun girma su fito tudu su ɓuya ƙarƙashin itace da ciyawa, lokacin haihuwa su komo. Wadda doka ta fi karewa ita ce babbar cikinsu, wadda namijinta ke fitar da zanko a gadon baya lokacin barbara. Tsawonta bai wuce tafin hannun babban mutum ba, baƙa ce, cikinta ruwan lemo da ɗigo-ɗigo. Tun daga dokar namun daji ta 1981 take ƙarƙashin kariya, kuma a yau kashe ta, ko kama ta, ko lalata ruwan da take haihuwa a ciki, laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari na wata shida ko tarar da ba a yi wa iyaka ba.

A da, idan kamfani zai gina rukunin gidaje kusa da kududdufi, dole ya ɗauko masana su yi ta sintiri da tocila cikin dare tsakanin watan Maris da Yuni suna ƙirga dabbar. In an same ta, a kewaye filin da shingen leda, a binne bokitai, a yi wata ɗaya zuwa uku ana tsince ta ɗaya bayan ɗaya ana kai ta wani wuri. Kuɗi ya tafi, lokaci ya tafi, kuma sau da yawa dabbar ba ta ci ribar komai ba, don inda aka kai ta tsibiri ne a tsakiyar kwalta. Daga nan aka sake dabara. An fara gwaji a garin Wokin a 2016, hukumar kula da muhallin halittu ta Ingila kuma ta buɗe nata tsarin a yankin Kent a 2019, daga can ya bazu. Yanzu mai gini yana iya biyan kuɗi tun farko gwargwadon ɓarnar da gininsa zai yi. Da wannan kuɗin ake zuwa ƙauye, inda aka san dabbar na iya rayuwa, a nemi manomin da ya yarda, a kawo katafila a haƙa sabon kududdufi ko a yashe tsoho. Idan an lalata guda ɗaya da dabbar ke ciki, huɗu za a haƙa a madadinsa. An kuma ware kuɗin kula da shi da bibiyarsa har shekara 25. Ba sai an kama dabbar ba ma kafin a san ta iso: ana ɗibar ruwan a kwalba a kai ɗakin gwaji, a gano burbushin ƙwayar halittarta da ta bari a ciki.

Ku sake karanta wannan sakin layin, ku nuna mini inda aka ce an ɗauki kuɗin asibiti ko na makaranta an ba kwaɗo. Wanda ya cike ruwa don ya ci riba, shi ya biya aka haƙa wani. Iyakar zancen ke nan. Gaskiya ne akwai wani tallafin daban da ke fitowa daga baitulmali, wanda gwamnati ke ba manoma don yashe kududdufi da barin ciyawa a bakinsa, musamman bayan ficewarsu daga Tarayyar Turai, inda dokar noma ta 2020 ta karkata tallafi zuwa biyan manomi kan abin da jama'a duka ke amfana da shi. Amma shi ma wannan yana da tarihi, kuma tarihin ne masu dariya ba su sani ba.

Yawancin kududdufan gonakin Ingila mutum ne ya haƙa su, kuma ba don ƙaunar kwaɗo ya haƙa ba. A yankin Nofok da ke gabashin ƙasar, manoman ɗaruruwan shekarun da suka wuce suna haƙa rami a tsakiyar gona su ciro wata farar ƙasa mai alli, su watsa a kan gonar don ta gyara tsamin ƙasa. Sun gama da ramin sun tafi, ruwan sama ya cika shi. Wasu ramukan na yumɓun bulo ne, wasu na shayar da shanu da dawakin huɗa. Shekara na bin shekara, tsirrai suka zo, ƙwari suka zo, kwaɗi suka zo, tsuntsaye suka biyo su. A Nofok kaɗai har yau akwai irin waɗannan fiye da 20,000.

Sai aka yi yaƙin duniya na biyu, Ingila ta ɗanɗana yunwa da rabon abinci da kati, ta yi rantsuwa ba za ta sake ba. Daga dokar noma ta 1947 gwamnati ta shiga ba manoma kuɗi su janye ruwa daga ƙasa mai dausayi, su tumɓuke shingayen itatuwa da ke raba gonaki, su haɗe ƙananan gonaki su zama fage ɗaya da tarakta za ta yi gudu a ciki ba tare da kwana ba. An ja famfo zuwa komin dabbobi, doki ya ba tarakta wuri, kududdufi ya zama abin da ke tare hanya kawai. Sau da yawa kututturan shingen da aka tumɓuke su ake turawa cikin ramin, a bi da ƙasa, a shuka alkama a kai. Babu wanda ya kira wannan ɓarna a lokacin. Ci gaba ake ce masa, kuma jami'in gona ne ke zuwa da takarda ya yaba wa manomin da ya yi. Ƙididdigar masana ruwa na ƙasar ta nuna kusan rabin kududdufan Birtaniya sun ɓace a cikin ƙarni na 20, wajen rabin miliyan ke nan. Binciken karkara na 2007 kuma ya samu cewa kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka rage a Ingila da Wels suna cikin mummunan hali, wasu taki da maganin feshi sun gurɓata su, wasu itatuwa sun rufe su sun zama baƙin taɓo. Bayan aikin gama ya gama ne aka gane cewa kusan kashi biyu cikin uku na halittun ruwan daɗi na ƙasar ana samun su a waɗannan ƙananan ramukan da aka raina.

Ke nan gwamnati ɗaya ce ta biya kakan manomi ya cike, ta dawo tana biyan jikansa ya haƙa. Sau biyu aka biya kuɗi kan rami guda. Idan akwai wauta a labarin, tana wurin cikewar. Haƙawar biyan bashi ce.

Akwai wani abu a nan da na so kowane marubuci a zauren nan ya ji, ko da bai damu da muhalli ba. Masu bincike na wata jami'a a Landan, ƙarƙashin Farfesa Carl Sayer, sun ɗauki tsofaffin taswirori suna neman inda kududdufai suke a da a Nofok. A fili ba ka ganin komai sai ɗan kwari a tsakiyar gona inda ruwa kan kwanta, ko inda launin shuka ya bambanta. Suna kiran su fatalwar kududdufi. Suka haƙe wasu har suka kai ga tsohon baƙin laka na ƙasan ramin, suka bar ruwan sama ya cika. Cikin 'yan watanni tsirran ruwa suka tsiro daga irin da ya kwanta a binne, wani kusan shekara 50, wani har 150, ƙarƙashin gonar da ake nomawa ana yi wa feshi. An buga sakamakon a 2017. Wanda ya taɓa ganin an haƙo gaiwa da ranta daga busasshen laka a tsakiyar rani zai gane abin da nake nufi, sai dai ita gaiwa damina ɗaya take jira. Ku faɗa mini, a cikin littattafan da muka rubuta bana, akwai hoto mai ƙarfin wannan? Mun samu irin wannan a labari, muka tsaya a kan "Turawa sun ƙoshi".

Kada wani ya ɗauka na zo yi wa Ingila kirari. Tsarin nasu yana da inda yake yoyo, kuma 'yan ƙasar da kansu suna faɗa. Kududdufin da aka haƙa jiya ba ya zama daidai da wanda ya shekara 200, ko da an haƙa huɗu. Dabbobin da ke filin ginin kuma yawanci ba a tsince su a sabon tsarin, katafila ce ke bi ta kansu, lissafin shi ne jinsin zai ƙaru a wani wuri. Da zarar an sa wa ɓarna farashi, mai kuɗi ya san ƙofa a buɗe take in dai zai biya. Sannan yaron da ke unguwar bayan gari ya rasa ruwan da ke kusa da gidansu, an mayar da shi gonar wani mai ƙasa da ba shi da izinin shiga. Tallafin baitulmalin ma ba abin dogaro ba ne: a watan Maris na 2025 gwamnati ta rufe karɓar sababbin masu neman babban tallafinta na noma mai kula da muhalli rana ɗaya, manoma da yawa suna tsakiyar cike takarda.

Kuma masu dariya ba a wurinmu kaɗai suke ba. A 2020 Firaminista Boris Johnson ya tsaya a bainar jama'a ya ce jinkirin da ƙirga wannan dabba ke jawowa yana ja wa tattalin arzikin ƙasar birki. Shekara uku bayan haka, lokacin ya riga ya sauka daga mulki, ya nemi izinin gina wurin ninƙaya a gidansa na ƙauye a yankin Okusfod, sai aka ce masa ya dakata, akwai yiwuwar dabbar na zaune kusa. Ya rubuta a jarida cewa zai yi mata duk abin da take buƙata. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne an iya ce wa tsohon shugaban gwamnati ya dakata saboda ruwan da ke bayan gidansa, kuma ya dakata. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu zo gida, don dalilin da ya sa na ɗauko zancen ke nan. Yadda aka samu kududdufan Nofok, haka aka samu na birnin Kano da Zariya da Katsina. Kakanninmu sun haƙa ƙasa sun yi tubali sun gina gidaje da masallatai, sun ɗaga ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, ramin da suka bari ya zama kududdufi. Kowace tsohuwar unguwa tana da nata, don daga cikinsa unguwar ta fito. Baturen nan Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya ba da labarin Jakara a matsayin babban ruwa da ya ratsa gari kusa da kasuwar Kurmi. Waɗannan ramuka su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna shanye ruwan damina na birnin da ba shi da lambatun kankare. Ruwa ya gangaro daga lunguna ya taru a cikinsu, ya nitse a hankali ya ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye. An kama tarwaɗa da ƙarfasa a ciki, an ciri bado, an shayar da dabbobi, an yi wanki, balbela da zalɓe sun yi kiwo a baki.

Tambayi duk wanda ya girme ka da shekara ashirin ya lissafa maka kududdufan da ya sani yana yaro, sannan ka je ka duba nawa suka rage. Kowa ya san yadda ake yi. Da farko a mayar da bakin ruwan bola. Shara ta yi ta cin ruwan taku bayan taku har ta yi tudu. Sai a ga tifa ta fara sauke ɓaraguzai da dare. Kafin damina biyu an kafa turaku, dillali ya fito da takarda, an yanka fuloti, shaguna sun tashi. Aikin da Ingila ta yi da tarakta daga 1947, shi muke yi yau da tifa, kuma sunan da suka ba shi muke ba shi: ci gaba. Bambancin shi ne su alkama suka shuka a kai, shi ya sa bayan shekara 100 aka iya haƙewa iri ya tsiro. Mu bene muke ɗorawa. Fatalwar kududdufin da ke ƙarƙashin bene mai hawa uku ba mai tayar da ita.

Ga ɗan lissafi da ba ya buƙatar digiri. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50, wanda a watan Agusta yana iya sauka a yammaci ɗaya, kowace hekta ɗaya ta karɓi lita 500,000. Jarka 20,000 ke nan mai cin lita 25. A da wani kaso ya nitse a tsakar gida mai ƙasa, sauran ya tafi kududdufi. Yau tsakar gida siminti ne, rufi kwano, titi kwalta, kududdufin kuma ya zama rukunin shaguna. Ruwan bai ragu da ko cokali ɗaya ba. Ina kuke so ya tafi? Zai tafi inda ya saba zuwa, ya tarar da ɗakin wani a wurin. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka yi kan hanyar ruwa suka nuna da yatsa. A shekarar ce ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya. Ban ce cike kududdufi ne ya jawo wannan duka ba, akwai koguna da madatsun ruwa a lissafin. Amma ruwan da ke shiga ɗakin talaka a cikin birni bayan ruwan awa biyu, ba daga wani kogi ya zo ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce kududdufi gidan sauro ne, matattarar ƙazanta ce, yana sa tsargiya, kuma kowace damina sai an ciro gawar yaro daga ciki. Na ƙarshen nan ba abin musu ba ne, kuma uwar da ta rasa ɗa a ruwa ba za ka je mata da zancen mazari da bado ba. Amma mu duba wane irin rami ne ke cin yara. Galibi mai gangare ne kamar bango, wanda masu ɗibar ƙasa suka haƙa suka bari, ko wanda shara ta rufe bakinsa har ba a gane inda tudu ya ƙare. Su Turawan da muke wa dariya, ƙa'idar haƙa ta farko a wurinsu ita ce bakin ruwan ya zama mai sauƙin gangara, marar zurfi, a bar masa zagaye na ciyawa. Wannan aikin katafila ne na 'yan kwanaki, da shinge, da mai gadi idan cikin gari ne. Batun sauro kuma, mai sa zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan kwatami masu ɗumi da ba kifi a ciki, irin wanda sawun tifa ke bari. Wanda ke hana mu barci da kuka yana son ruwan kwata mai wari. Ruwa mai rai, mai kifi da kwaɗi da 'ya'yan mazari, yana cinye tsutsar sauro. Kududdufin da aka cike rabi da shara aka kashe kifinsa, shi ne ya haɗa illar duka biyun. Wato mu muka zuba masa bola da ruwan masai har ya ruɓe, sannan muka kafa hujja da ruɓewar muka sayar da shi. Wanda ya ci ribar sayarwar kuma ba a unguwar yake kwana ba.

Za a kuma ce mu talakawa ne, wa zai ba mu kuɗin kwaɗo alhali mutane ba su ci ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, don ƙarya ce da aka yi wa rawani. Tun 1981, shekarar da Ingila ta yi dokar da na ambata, Najeriya ta kafa asusun kula da muhalli, ana cire masa kashi 1 cikin 100 daga asusun tarayya, aka ɗaga zuwa kashi 2 a 1992. Shekara fiye da 40 ana zuba kuɗi. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da fiye da Naira biliyan ɗaya na wannan asusun, kotun ƙoli ta tabbatar da laifin a 2021, a 2022 aka yi masa afuwa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma bashi ne da mu da 'ya'yanmu za mu biya. To ina rashin kuɗin? Abin da babu shi ne ƙa'idar nan guda: wanda ya cike ya biya, kuma a iya ce wa babban mutum ya dakata. A can ruwan bayan gida ya tsayar da tsohon firaminista. A nan wa ya taɓa jin kududdufi ya tsayar da ko kansila?

Ba ina kira a kwafo tsarin Ingila a manna mana ba. Ba mu da dabbarsu, kuma kududdufin da za a hana makiyayi shayarwa a ciki, a hana mai fatsa, ba zai kwana biyu a ƙauyenmu ba, bai ma kamata ya kwana ba. Namu dole ya zama na mutum da dabba da tsuntsu gaba ɗaya, kamar yadda yake tun asali. Abin ɗauka shi ne su sun gane kuskurensu bayan rabi ya tafi, suna biyan kuɗi mai yawa su dawo da kaɗan. Mu namu da suka rage ba sa buƙatar a haƙa. An riga an haƙa mana kyauta tun ɗaruruwan shekaru. A daina cikewa kawai, a kwashe shara, a gyara baki.

Saura mu, ma'abota alƙalami. Na karanta littattafanmu da yawa, na takarda da na waya. Jarumi yana da gida a Abuja mai wurin ninƙaya shuɗi, jaruma na zaune a bakinsa da lemo a hannu. Marubucin da ya rubuta wannan, wataƙila a bakin kududdufi ya koyi iyo, a can aka zane shi don ya dawo gida da jajayen idanu, a can ya ji kukan kwaɗi ya cika dare bayan ruwan farko, a can aka tsorata shi da aljanar ruwa. Duk wannan bai ga ya isa shiga littafi ba. Muna jin kunyar ruwanmu a rubuce kamar yadda muke jin kunyarsa a fili, kuma abin da aka ji kunyar ambata ba a yi masa faɗa ranar da tifa ta zo. Ga rikici kwance a ƙofar gidanmu, da mai unguwa da dillali da mai kuɗi da tsohuwar da ɗakinta zai rushe a Agusta, da takardar da aka sa wa hannu cikin dare. Wane ɗan kasuwa mai jirgin sama ne ya kai wannan labari?

Turawan Nofok sun iya nemo fatalwar kududdufansu ne saboda masu safiyo na ƙarni na 19 sun zana kowane ɗan rami a taswira. Namu da yawa sunayensu a bakin tsofaffi kawai suke, kuma tsofaffin suna tafiya. Don haka ga abin da nake roƙo a makon nan, daga na Kano da Zariya da Katsina da Gusau da Damagaram da duk inda kuke. Kowa ya samu dattijo ko dattijuwa a unguwarsu ya tambayi sunan kududdufin wurin, me aka gina da ƙasarsa, me ake kamawa a ciki, wace shekara aka cike shi idan an cike, me ke tsaye a kansa yau, kuma ina ruwan unguwar ke kwanciya yanzu in an yi mamako. A rubuto ko da layi goma ne, da sunan unguwar da garin.